Faifan da Ya Cika a Tera Biyu

Ruwan shuka ya sauka ranar Asabar da hantsi, kuma tun daga lokacin Sufeto Hamidu Jika bai san daɗin kujera ba. Kowa a kwamisariya, ofishin 'yan sandan Gazawa, ya san halinsa. Da ƙasa ta jiƙa sai ya koma shan shayi a tsaye, yana kaɗa makullin moto a yatsa. Shekara bakwai da suka wuce, a irin wannan lokaci, shi ya ɗauko gawa huɗu daga bakin wani burtali da aka toshe da shuka. Ba ya ba da labarin, amma bai manta ba.

Litinin da safe wani mutum ya shigo yana haki, sanye da farar riga da ta sha guga. Ya ce shi ne Malam Habu, sakataren buro, wato ofishin filaye na Tudun Aguwa, wani gari da ke tsakanin Gazawa da Cadawa. Ya ce an yi musu sata.

"Mi aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Shaidun filaye, ranka ya daɗe. Daga cikin ordinater, kwamfutar buro."

"An ɓalle ƙofa?"

"Ko kwaɗo ba a taɓa ba. Shi ya sa na ce na cikin gida ne. Mu biyu ke da makulli, ni da Safina, kuma ita kaɗai ta san cikin na'urar nan."

Sufeto ya lura mutumin ya kawo ƙara, ya kuma kawo ɓarawo a jaka ɗaya. Ya ɗauki hularsa.

A hanya Habu ya ba shi sauran bayani. Mutanen Tudun Aguwa ba su yarda da takarda ita kaɗai ba. Idan rigimar iyaka ta tashi, maigari ne ke taka iyakar da ƙafarsa, dattawa na biye, yana kiran sunan kowace bishiya da kowane tushen gamba, ma'aikatan buro suna ɗaukarsa a bidiyo. Shekara shida ana haka, kuma duk a faifai ɗaya ake tarawa.

Gata, ranar Alhamis, alƙali zai zauna a kan burtalin da shanu ke bi zuwa tabki. Alhaji Ɗanmaraya, wani ɗan kasuwa mai sayen gonaki, ya ce filinsa ne. Ardo Jaye ya ce hanyar shanu ce tun kakanni. Maigarin da ya taka burtalin shekara huɗu baya ya rasu da azumin bana. Abin da ya rage na bakinsa shi ne bidiyon nan, shi ma ga shi ya yi ƙafa.

Ardo Jaye suka fara tararwa a ƙofar buro, dogon tsoho da sanda a kafaɗa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce tun jiya Lahadi ma'aikatan Alhaji suka shuke bakin burtalin, samarinsa kuma sun fara shafa wa sandunansu mai.

"Ni na riƙe su har Alhamis," ya ce. "Bayan Alhamis, wallahi ban sani ba. Shanu ba su jin magana in sun ga ruwa."

Tsoro ya kama Sufeto. Ya san irinsa sarai.

Safina tana ciki, zaune gaban kwamfutar, idanunta sun kumbura. Matashiya ce da ta yi karatun na'ura a Maradi, kuma da gani ta riga ta ji abin da ake faɗa a kanta. Sufeto ya ce wa Habu ya je ya samo masa ruwan sha mai sanyi, daga nesa in da hali. Da ya fita, ya tura ƙofa.

"Ina kike Asabar da Lahadi?"

"Ina Gidan Rumji, wurin bikin sunan ɗiyar yayata. Mutum ɗari sun gan ni."

"Makullinki fa?"

"Yana ɗaure a bakin zanena."

"To nuna mini abin da ya ɓace."

Maimakon ta kunna, sai ta juya akwatin kwamfutar ta buɗe gefensa. Kusoshin duk sun sha karce, kamar da wuƙa aka kwance su. Ciki ƙura ta kwanta a kan komai, ban da abu ɗaya: wani faifai mai kamar ƙaramin littafi, yana ta sheƙi.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce. "Nawa na ɗiga mashi jan farce a kusurwa ranar da na sa shi. An ɗauke namu, an kwafe kayan a sabo, an maida sabon gurbinshi."

"Don mi mutum zai sha wannan wahala?"

"Don kar a gane. Amma aikin ya ƙi shi."

Ta kunna ta nuna masa wani dogon layi a fuskar kwamfutar. Rabinsa shuɗi ne, rabinsa baƙi. Ta ce cikin faifai da tera ake auna shi, kuma wannan tera huɗu ne, ga shi rubuce a jikinsa. Sai dai sabon faifai ba a zuba masa komai sai an fara yanka masa kashi.

"Wannan tsohuwar ordinater, in ka sa mata sabon faifai, tambaya take: tsohon tsari ko sabo? Kuma ta riga ta zaɓa maka tsohon. Shi ko tsohon tsari, ƙirgarshi ba ta wuce tera biyu. Duk girman faifai, nan zai tsaya. Wanda ya danna 'to' bai duba ba, rabi ya samu. Baƙin nan da kake gani, fili ne kwance, ba a iya zuba komi cikinshi."

"Kamar a gina babban rumbu, a yi masa daɓe a tsakiya," in ji Sufeto.

"Haka nan ne."

"Kayanku nawa ne?"

"Sun kusa tera uku."

Sufeto ya daina kaɗa makulli. Ya sa ta buɗe shekarun ɗaya bayan ɗaya. Ta farko cif, ta biyu cif. A shekara ta uku akwai giɓi guda tak, na burtalin tabki. Daga nan komai ya ci gaba lafiya har watan Janairun bara, inda kwafin ya yanke a tsakiyar gonar wani. Bayan wannan babu komai.

Ya fahimta. Bidiyo ɗaya ɓarawon ya zo cirewa. Sauran shaidun shekara ɗaya da rabi ba da nufi ya zubar ba, faifan ne ya cika ya bar su a waje. Wanda ya yi aikin ya iya kwafi, amma bai san yankan faifai ba. Wannan ya fitar da Safina a zuciyar Sufeto, sai dai bai gaya mata ba. Ya ce kada ta yi wa kowa bayanin tera biyun nan, ko da magajin gari ne. Ya sa ta cire faifan, ya zura shi a aljihu.

Mai gadi, wani dattijo da ake kira Auta, ya rantse ba wanda ya shigo, shi kuma bai motsa daga bakin ƙofa ba kwana biyu. Sufeto ya dubi ƙafafunsa, ga jar laka ta bushe har idon sawu. Ya zagaya bayan buro, ya jawo wata doguwar waya da aka zuro ta taga, bakinta ɗauke da cajar salula har tara.

"Wannan fa, Baba? Ita ma gadi take?"

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce 'yan unguwa yake taimaka wa da wutar solar buro. Gadi kuwa, gaskiya ruwa ya sauka, wa zai zauna? Gona ya tafi kamar kowa. Amma akwai abin da ya ba shi haushi: Asabar da Lahadi duka, kafin la'asar batir ya yi ƙasa, salula ko ɗaya ba ta cika ba. Da ya kasa kunne a taga, ya ji abu yana ta gurnani a ciki.

Ke nan kwana biyu aka yi ana kwafi, garin kuma ba kowa. Da Habu ya dawo da ruwan, Sufeto ya tambaye shi inda ya yi hutunsa, kamar mai hira. Habu ya ce yana gonar mahaifiyarsa da sungumi a hannu, tun safe har yamma.

Talata Sufeto ya wayi gari a kan moto. A bayan faifan akwai 'yar takarda manne, da hatimin wani shago a Cadawa. Ya tarar da mai shagon, Hafizu, yana gyaran salula da tabarau a goshi. Da ya ga faifan, ya ce bai taɓa ganinsa ba, irin wannan kaya ma sai Maradi.

"Hatimin nan na wa ne?"

"Ana satar hatimi, ranka ya daɗe."

"Malam Hafizu, ban zo tambayar ta wace hanya kayanka ke ƙetaro iyaka ba. Amma in ka fi son mu fara da wannan, ina da lokaci."

Ƙarya yake, ba shi da lokaci ko kaɗan. Amma maganar ta yi aiki. Hafizu ya sauke tabarau, ya ce mako guda da ya wuce wani ya saya, fuskarsa naɗe da rawani irin na masu moto. Bai san shi ba. Jiya Litinin da yamma kuma sai ga shi ya dawo, zai ci shi ɗanye.

"Mi ya ce?"

"Wai na cuce shi, na saida mashi jabu. An rubuta huɗu, biyu ya ɗauka. Na ce ya kawo in duba, ya ce ba ya hannunshi. Har da hawaye, wallahi. Ya ce, 'Ka kashe ni, har gonar uwata ta bi ciki.'"

"Maimaita."

"Gonar uwarshi. Ni ban ga abin da ya haɗa faifai da gona ba."

Sufeto ya riga ya kai bakin ƙofa. Kafin azahar yana Tudun Aguwa, ya sa Safina ta ɗauko littafin da ake rubuta ranar da aka taka kowace iyaka. Ya ce ta karanto masa daga Janairun bara, mata kawai. Sunaye biyar ne. A na huɗu muryarta ta tsaya.

"Baturiya, matar marigayi Iro." Ta ɗago kai. "Inna Baturiya ai ita ta haifi Malam Habu."

Ta ce bayan rasuwar mijin, 'yan'uwansa sun so ƙwace gonar. Maigari ne ya tashi da ciwon ƙafarsa ya taka mata iyaka, kuma ita ce kusan ta ƙarshe da ya taka. Ba don bidiyon nan ba, da tuni tsohuwa tana roro a gonar wasu.

Sufeto ya fita ya tsaya a rana yana lissafin abin da ke gabansa. Ya san ɓarawo, amma ba ɓarawo alƙali ke buƙata jibi ba, faifai yake buƙata. Habu ba zai lalata shi ba muddin gonar uwarsa na ciki. Amma idan ya ji an matso shi, zurfin rijiyoyin garin ya kai gaba ashirin, kuma jefa abu ba ya ɗaukar minti ɗaya. Don haka ya koma ciki, ya ɗaure fuska, ya ce a gaban Habu gobe zai tafi da Safina Gazawa. Ya ga yadda ta dube shi, kuma abin ya yi masa ciwo. Ya bar ɗan sanda guda a garin da sunan tsaron buro, ya raɗa masa cewa sakatare zai tsare.

Laraba da sassafe ya zo da mota. Ya sa Safina a baya da kwamfutarta ta hannu, ya ce Habu ya shiga gaba ya raka su don ba da shaida. Habu ya shiga da fara'a. Fara'ar ta kai har mararraba, inda motar ta ƙi hanyar Gazawa ta karya zuwa unguwar gabas.

"Ranka ya daɗe, ba nan ce hanya ba."

"Gaisuwa za mu yi. Ba ta da tsawo."

Inna Baturiya tana tsakar gida tana gyaran irin wake. Ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta yi murnar ganin ɗanta da manyan baƙi. Sufeto ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata barka da ruwa, ya tambayi shuka.

"Alhamdu lillahi, mun shuka," ta ce. "Bana ni ɗaya na yi, da 'yan maƙwabta. Habu aiki ya riƙe shi buro, Asabar da Lahadi duka. Ku riƙa barinshi shina hutawa, don Allah."

Ba wanda ya dubi Habu. Ana jin numfashinsa.

"Inna, ko ya ba ki wata ajiya?"

Ta dubi ɗanta, ta dubi baƙon. Tsufa bai taɓa mata hankali ba. Ta ce ita ba ta fito da ajiya sai ta san dalili.

Sufeto zai iya sa a birkice ɗakin, doka ta ba shi. Amma ya dubi tsohuwar ya ga ba zai iya ba. Sai ya gaya mata komai, bai rage ba bai ƙara ba: burtali, zaman gobe, samarin Ardo da sandunansu, da yarinyar da ke tsaye can da za a ɗaure a kan laifin da ba nata ba.

"Ba zan ruɗe ki ba, Inna. In abin yana wurinki kika ba ni, gonarki ta tsira, burtali ya tsira. Amma da ɗanki zan tafi."

"Inna," in ji Habu, "ki ce ba ki san komi ba. Zan gyara."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tambayi Sufeto ko muryar Maigari ce a cikin abin. Ya ce ita ce, ta gonarta da ta burtalin, duk wuri ɗaya suke.

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar kwanoni ana sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da wata babbar kwalla, ta buɗe, ta warware ɗankwali. Ga faifai, da ɗigon jan farce a kusurwa.

"Lahadi da yamma ya kawo, ya ce in ɓoye kwana biyu zai zo ya ɗauka. Litinin ya dawo ya ce in riƙe shi kamar raina, gonata na ciki." Ta miƙa wa Safina, ba Sufeto ba. "Mutumin nan da sanda ya taka mini iyaka, ƙafarshi na zubda ruwa. Ba ni za a haɗa kai da ni a binne bakinshi ba."

Safina ta jona faifan da kwamfutarta a kan turmi.  Can sai ga tsoho a fuskar na'urar, yana ɗingishi tsakanin gonaki, muryarsa ta cika tsakar gidan: daga wannan gawo zuwa waccan aduwa hanyar shanu ce, haka ya tarar, haka zai bari.

Habu ya zame ya zauna a ƙasa, farar rigar ta sha laka. Bai jira tambaya ba. Ya ce Alhaji Ɗanmaraya ne ya yi masa alkawarin yanki a cikin filin idan bidiyon ya ɓace kafin Alhamis.

"Mi ya hana ka goge shi kawai?" in ji Sufeto.

"Safina ta taɓa ce muna abin da aka goge ana iya maido shi. Sai na ce in kwafe komi a sabo, ban da guda, in jefa tsohon rijiya in ƙura ta lafa. Lahadi na zo na ga shekaru jere, na ɗauka ya gama. Sai Litinin da ta buɗe na ga na bara babu." Ya share fuska. "Huɗu aka rubuta, ranka ya daɗe. Da idona na karanta."

"Huɗu ne," in ji Safina a hankali. "Tambaya ɗaya ta yi maka, ba ka karanta ba."

"Ita kuma da ka ɗora wa laifi fa?" in ji Sufeto.

Habu ya kau da kai.

Sufeto ya kira kwamisariya ya ce a aika a ɗauko Alhaji Ɗanmaraya, a kuma sanar da Ardo Jaye cewa shaida ta samu, samari su ajiye sanduna. Ya juya ya ba Safina haƙuri a kan jiya. Ta gyaɗa kai kawai, tana rungume da faifan.

Bai sa wa Habu ankwa a gaban uwarsa ba. Ya kama hannunsa ya tashe shi, suka nufi zaure. Inna Baturiya ba ta yi kuka ba, ta koma kan irin wakenta, yatsunta suna motsi ba sa tsintar komai. Sai da suka kai bakin ƙofa ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Ɗana, mai kaki."

"Na'am, Inna."

"Ku bi da shi ta bakin gonar. Hatsin ya tsiro, bai gani ba."